Hukumar ilimi ta jihar Damagaram

Hukumar ilimi ta jihar Damagaram, wadda ma'aikata ke kira DREN, reshe ce ta ma'aikatar ilimi ta Nijar mai kula da makarantun boko na jihar. Ofishinta yana birnin Zinder. Daraktanta daga Yamai ake naɗo shi, ba jama'a ke zaɓensa ba. Sunanta kan sauya duk sa'ad da aka raba ma'aikatar ko aka haɗe ta, har akwai shekarun da firamare da sakandare kowace ke da nata ofishi.

Faɗin aikinta

Jihar tana da gundumomi goma: Mirya, Magarya, Dungas, Kance, Takeita, Damagaram Takaya, Tanut, Belbeji, Gure da Tasker, ga kuma birnin Zinder mai da'irori biyar. A ƙidayar 2012 mutanenta sun haura miliyan 3 da rabi, ta fi kowace jiha yawan jama'a. Yankin kudu mai iyaka da Najeriya cike yake maƙil da ƙauyuka, aji ɗaya ya cika ya batse. A arewa kuwa, wajen Tasker, makaranta kan yi nisa da ƴar uwarta, ɗalibanta ƴaƴan makiyaya ne masu bin ruwa da ciyawa.

Dokar da ta shata tsarin ilimin ƙasar ita ce ta 1 ga Yuni 1998. Umarni yana saukowa daga minista zuwa darakta, daga nan zuwa sufetoci da masu ba malamai shawara, sannan shugaban makaranta. Hukumar ce ke rarraba malamai da littattafai, ta tattara alƙaluman ɗalibai, ta kuma shirya zaman jarrabawa irin ta BEPC, wato ta kammala kwaleji.

Malamai

Nan ne aikin ya fi nauyi. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka koma ƴan kwantaragi, har suka zo suka fi cikakkun ma'aikata yawa. Abin da ake biyansu bai kai albashin ma'aikaci ba, kuma jinkirinsa ya sha jawo yajin aiki. A 2017 aka yi musu jarrabawar tantancewa a faɗin ƙasa, aka sallami wasu, wasu kuma aka sake ba su horo. Makarantar horon malamai ta Askia Mohamed da ke Zinder ita ce ke yaye da yawa daga cikinsu.

Kafin komawa makaranta a watan Oktoba ake fitar da takardar canjin wurin aiki, kuma ba takardar da malamai ke jira kamarta. Kowa na son birni ko bakin kwalta. Sakamakon haka sai a tarar da malamai sun yi yawa a wata makarantar unguwa, alhali a ƙauye malami ɗaya ne ke riƙe da aji biyu ko uku. Daidaita wannan rabo shi ne babban ma'aunin da ya kamata a auna kowane darakta da shi.

Kwamitin makaranta

Ofishin jiha ba ya iya leƙa kowane ƙauye, shi ya sa kwamitin kula da makaranta ya zama ginshiƙi. An san shi da COGES, daga baya aka mai da sunan CGDES, ko da yake bakin jama'a bai saki na farkon ba. A cikinsa akwai wakilan iyaye, da na ƙungiyar uwaye mata, da shugaban makaranta, da wakilin malamai da na ɗalibai. Shirin hukumar JICA ta Japan mai suna “Makaranta don kowa”, wanda ya soma a Tawa a 2004 kafin ya iso Damagaram, shi ya yaɗa zaɓen shugabannin kwamiti ta ƙuri'ar asiri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ba a saba musa wa babba a bainar jama'a ba.

A taron farkon shekara ake tsara abin da za a yi: gyaran tebura, sayen alli, cika randunan ruwa, bin gida gida don a sa yara, musamman mata. Wani ya ba da ƴan dalolinsa, wani tiyar gero, wani ƙarfinsa. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne kafa azuzuwan zana. Sai an yi girbi an sami kara kafin a saƙa zana a kafa dirkoki, don haka a wurare da dama karatu ba ya kankama sai bayan ranar da aka sa. Yara na zaune a kan tabarma ko buhu, allo a cinya, hunturu na tura ƙura ta kafofin zanar. Da hadarin farko ya taso, ajin ya tashi. Gobarar da ta halaka yara a irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi a 2021 ta nuna cewa asarar ba ta tsaya ga ranakun karatu ba.

Harshen koyarwa

A unguwar Zango ta Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar a 1973, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigo masa da Faransanci. Shekaru suka shuɗe tsarin bai game makarantu ba. A 2025 kundin sake gina ƙasa, wanda ya maye gurbin kundin tsarin mulki, ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Abokan hulɗa

UNICEF na tallafawa da kayan karatu da horo. Hukumar abinci ta duniya, PAM, na ciyar da ɗalibai a wasu makarantu, musamman na yankin makiyaya, inda tukunya ce ke riƙe yaro a aji idan iyayensa sun yi ƙaura. A 2021 aka buɗe gidan kwanan ɗalibai mata a Kelle ta gundumar Gure, domin yarinyar da ta gama firamare a ƙauye ta sami masauki amintacce kusa da kwaleji.

Tun 2016 doka ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ɗawainiyar firamare, kamar gini da gyaran azuzuwa, majalisar jiha kuma ta sakandare. A 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun, aka naɗa kantomomi, kuma da su ne hukumar ke hulɗa a kan waɗannan ayyuka.