Ƙwallo mai nauyi

Ƙwallo mai nauyi kayan motsa jiki ne da ake cusa wa yashi ko tsumma ko dusar roba, a rufe shi da fata ko roba mai kauri. Yawanci nauyinsa yakan kama daga kilo 1 zuwa 11. Akwai mai tashi idan an buga shi da ƙasa, akwai mai taushi na jifan bango, akwai kuma wanda ake makawa da ƙasa ya zauna inda ya faɗi.

Likitoci sun daɗe da sanin amfaninsa. A shekarar 1929 likitan Fadar White House, Joel Boone, ya tsara wa shugaban Amurka Herbert Hoover wani wasa da ake jefa ƙwallo mai kusan kilo 3 ta saman raga, shugaban yana yin sa da sassafe tare da muƙarrabansa.

Abin da ya bambanta shi da ƙarfen ɗagawa shi ne ana iya sakin sa. Mai ɗaga ƙarfe dole ya rage sauri kafin hannunsa ya miƙe, shi kuwa mai jifa yana zuba ƙarfinsa gaba ɗaya har ƙwallon ya bar hannu. Ƙarfin daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu da ciki kafin ya isa kafaɗa, wato hanyar da naushin ɗan dambe yake bi. Shi ya sa 'yan dambe da masu jifan dalma suke horo da shi, kuma shi ya sa nauyin da ya kashe saurin jifa bai dace ba, komai burgewarsa a idon 'yan kallo. Kilo 2 ko 3 sun ishi sabon shiga.

A ajin motsa jiki na taro, mutum biyu kan tsaya baya da baya suna miƙa wa juna ƙwallon ta gefe, ko su fuskanci juna suna jifa daga ƙirji. A tsarin motsa jiki da ake kira CrossFit ana tsugunawa, a miƙe a jefa shi bango: maza kilo 9 zuwa tsayin mita 3, mata kilo 6 zuwa tsayi ƙasa da haka kaɗan.

A Kaduna, inda jama'a ke fita motsa jiki da safe a Dandalin Murtala da filayen unguwanni, wannan kaya ya dace ƙwarai, domin ba ya buƙatar lantarki, ƙwallo ɗaya kuma yana iya zagaya mutum goma. Wanda bai da kuɗin na kanti yana iya huda tsohon ƙwallon kwando, ya ɗura busasshen yashi, ya liƙe.

An fi jin rauni wajen cafewa da wajen sunkuyawa. A karɓi ƙwallon da tafin hannu biyu, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe. Mai hawan jini, da mai ciwon baya ko kafaɗa, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar likita kafin su fara.