Daga Tenere zuwa layin lalube: asalin binciken filin jirgi da ƙorafin da ke biye da shi

Maniyyaci ko ɗan kasuwar Maraɗi da ya taɓa tashi ta filin Diori Hamani na Yamai, ko ya tsallaka ta Ɗan Isa zuwa Kano, ya san tsarin: a zube waya, agogo da makullai cikin tire, a bi ta ƙofar gano ƙarfe, in ta yi kuka a ɗaga hannuwa a sha lalube. Kusan kowane mataki a nan an ƙirƙiro shi ne bayan ɓarna ta riga ta auku.

Yawan fashin jirage ne ya sa Amurka ta wajabta binciken kowane fasinja da jakar hannunsa a Janairun 1973. A 1974 hukumar jiragen farar hula ta duniya, ICAO, ta shimfiɗa ƙa'idojin tsaro da ƙasashe, har da Nijar, ke bi. Amma ido yana kan bindiga da wuƙa, kayan da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa ba a cika damuwa da su ba. Mu a ƙasarmu muka ga sakamakon: ranar 19 ga Satumba 1989 bam da aka ɓoye cikin akwati ya tarwatsa jirgin kamfanin UTA a sararin Tenere, bayan ya taso daga Injamena zai tafi Paris. Mutum 170 suka rasu. Wannan da na jirgin da bam ya tarwatsa a sararin garin Lokabi na Birtaniya a 1988 suka tsananta dokar cewa akwati ba ya tafiya in mai shi bai hau ba. Har nan masu suka ba su da abin cewa sosai, don kaya aka fi bincike, ba jikin mutum ba.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka ne hannu ya koma jiki. Amurka ta kafa hukumar tsaron sufuri, TSA, wani ɗan Birtaniya Richard Reid ya ɓoye bam a takalmi a Disambar shekarar, cire takalmi ya biyo baya. Makircin tada bam na ruwa a jirage da aka bankaɗo a Landan a 2006 ya kawo dokar cewa abu mai ruwa kada kwalbarsa ta wuce mililita 100, cikin leda mai lita ɗaya. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba, shi ya sa ake ƙwace wa hajiya rabin kwalbar turare ko zuma tana rantsuwa bai kai ba. Zamzam ma sai a jarkar lita 5 da aka liƙe, cikin kayan awo.

Sai 25 ga Disamba 2009, da ɗan Najeriya Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tada bam da ya ɗinke a kamfai a jirgin Amsterdam zuwa Detroit. Nan take Amurka ta ware ƙasashe 14, ciki har da Najeriya, ta ce duk mai fasfonsu a yi masa ƙarin bincike. Laifin mutum guda ya shafi miliyoyi, alhali mahaifinsa da kansa ya kai rahoto ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun kafin abin ya faru. Cikin 'yan watanni aka janye jerin, amma na'urar ɗaukar hoton jiki ta zauna. Samfurin farko yana nuna surar mutum kamar tsirara. Tarayyar Turai ta hana mai amfani da hasken eksire a 2011, Amurka ta kwashe nata a 2013. Na yanzu zanen ɗan tsana kawai yake nunawa, da alama a wurin da ake zargi.

Sai dai na'urar ba ta san babbar riga ba. Ninkin shadda, aikin wuya mai kauri, rawani, hijabi, laya a damtse, har gumi, duk suna iya sa ta nuna alama, kuma alama na nufin lalube. Ƙyallen da ake shafawa a tafin hannu don neman ɓurɓushin abin fashewa kan kama wanda ya taɓa takin zamani ko wani man shafawa. Ƙa'ida ita ce mace ta laluba mace, kuma ana iya neman a shiga ɗaki kafin a cire mayafi. Fasinja da yawa ba su san suna da wannan haƙƙin ba, jami'i mai gaggawa kuma ba zai tuna musu ba.

Da a ce duk wannan yana aiki, da da sauƙi. A 2015 masu binciken gwamnatin Amurka sun gwada wucewa da makamai da bama-baman bogi, suka yi nasara sau 67 cikin 70. Shirin TSA na karanta fuska da motsin fasinja ya lashe kusan dala miliyan 900 kafin ofishin binciken kuɗi na majalisarsu ya ce a 2013 babu hujjar yana gano mugu. Abin da ya bari shi ne damar jami'i ya zaɓi wanda gemu ko sunansa bai kwanta masa ba.

Mafi tsanani shi ne jerin waɗanda Amurka ta hana hawa jirgi, domin galibi ba a gaya wa mutum dalili. Rahina Ibrahim, ɗalibar Malesiya, an tsare ta a San Francisco a 2005. Sai a 2014 kotu ta tabbatar jami'in FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, ne ya yi maki a gurbin da ba shi ba a kan takarda, sunanta ya faɗa cikin jerin. Ita tana da lauyoyin da suka bi mata shari'ar tsawon shekaru. Ɗan Maraɗi mai suna Muhammad Abubakar, sunan da dubban mutane ke amsawa, iyakar abin da zai gani haruffa huɗu ne, SSSS, alamar ƙarin bincike, a kan katin hawansa na zuwa Amurka, sannan a ja shi gefe.