Tsohon Albarushi

Tsohon albarushi shi ne garin bindiga da ya shafe shekaru goma, ashirin ko fiye a ajiye. Maharba da masu sake ɗura kwanson harsashi sukan tambaya ko za a iya aiki da shi lafiya. Amsar ta dogara ne a kan irin albarushin da kuma wurin da ya kwana, fiye da yawan shekarunsa.

Albarushi iri biyu ne. Na farko shi ne baƙin albarushi, wanda aka fara haɗawa a ƙasar Sin wajen ƙarni na 9, daga gawayi da farar wuta da gishirin naitiret na potasiyam. Shi ake ɗura wa adaka da harba-ka-ruga, shi ne kuma mai turnuƙe fili da farin hayaƙi idan 'yan bindiga suka yi harbi a hawan sarauta. Wannan ba ya ruɓewa don tsufa. Ruwa ne abokin gabarsa: danshin marka yana sa shi dunƙulewa, idan kuwa ya jiƙe sosai gishirin ya narke ya rabu da gawayin, sai ƙarfinsa ya zama babu tabbas. Wanda ya zauna a bushe yana nan da ransa ko bayan shekara ɗari. A 2008 wani mai tara kayan tarihi a jihar Bajiniya ta Amurka ya rasa ransa yana gyaran ƙwallon igwa mai albarushi a ciki da ya rage daga yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. Don haka battar albarushin da aka tsinta a kayan kakanni ba abin wasan yara ba ce, tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Na biyu shi ne albarushi marar hayaƙi, wanda ke cikin harsasan zamani, kuma a nan maganar take da tsawo. Bafaranshe Paul Vieille ne ya samar da shi a 1884, aka kira shi Poudre B. Tushensa naitiroselulos ne, wato auduga ko ɓargon itace da aka sarrafa da asid. Tun daga ranar da aka gama shi yake cin kansa a hankali. Yana fitar da iskar gas mai ɗauke da naitirojin, iskar ta haɗu da danshi ta zama asid, asid ɗin kuma ya ƙara saurin ruɓewar. Saboda haka masana'antu ke zuba masa sinadarin kariya, kamar difenilamin, wanda ke shanye iskar. Amma sinadarin yana ƙarewa, kamar yadda gishiri ke ƙarewa a tukunya. Ranar da ya ƙare, garin yakan fara ɗumama kansa, idan yana da yawa a wuri ɗaya har ya kama wuta ba tare da an kusanto da ashana ba. Faransa ta ga haka da idonta a tashar jiragen ruwa ta Tulon: jirgin ruwan yaƙi Iéna ya fashe a 1907 ya kashe mutum sama da 100, Liberté ya biyo baya a 1911 da mutum sama da 200, kuma bincike ya ɗora laifin a kan lalacewar Poudre B.

Zafi ne ke gaggauta wannan aiki. Abin da masana suka saba faɗa shi ne ƙarin digiri 10 yana ninka saurin ruɓewar, ko fiye. Gwangwanin da ya zauna a ɗaki mai sanyi a Turai zai iya kai shekaru masu yawa lafiya lau. Amma a Maraɗi, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana, ba daidai ba ne a ɗauki lissafin Turai a yi aiki da shi. Bazara ta gasa shi, damina ta zo ta ba shi laima, haka kowace shekara.

Alamomin lalacewa ba su da wuyar ganewa. Gari mai kyau yana da ɗan ƙamshi kamar na sinadarin goge fentin farce. Wanda ya lalace yana da wari mai yaji da ke sukar hanci. Idan aka buɗe murfi aka ga jar ƙura kamar garin tsatsa, ko cikin gwangwanin ya ci tsatsa alhali bayansa fes, ko ƙwayoyin sun manne suna maiƙo, to magana ta ƙare. Sai dai rashin alama bai wanke shi ba, domin hanci ba ya auna ragowar sinadarin kariya. Wannan sai ɗakin gwaji.

Lalataccen gari ba rauni kaɗai yake yi ba. Wani lokaci yakan ƙone da sauri fiye da ƙima, matsin ya tsaga bututun bindiga a hannun mai ita. Wani lokaci ya yi sanyi, harsashi ya maƙale a bututu, harbi na biyu ya tarar da hanya a toshe. Akwai kuma jinkirin tashi: an ja kunama shiru, mutum ya juyo da bakin bindigar don ya leƙa, sannan ta tashi. Mafi muni shi ne garin da babu takardarsa, wanda aka juye a gora ko kwalba. Wanda bai san irinsa ba bai san awonsa ba, kuma zuba marar hayaƙi a cikin adaka ƙirar maƙeri yana iya tarwatsa ta nan take.

Wanda ya gaji irin wannan kaya kada ya gwada shi, kada ya haɗa shi da sabo, kada ya jefa shi a murhu ko a bola inda yara ke tone-tone. A nisanta shi da wuta da ɗakin kwana, a sanar da jandarma ko 'yan sanda su zo su ɗauka. Nijar tana da hukumar ƙasa mai tattara makaman da ba sa bisa ƙa'ida, wadda aka kafa a 1994, kuma harsasai da albarushi suna cikin abubuwan da ake miƙa wa hukuma.