Aikin sa kai wajen jinyar tsuntsun fengwin a Afirka ta Kudu

Wai akwai fengwin a Afirka? Ba a cikin ƙanƙara suke zama ba?

Akwai su. Mutane da yawa sun ɗauka sai yankin Antatika ake samun wannan tsuntsu mai baƙin baya da farin ciki, wanda ba ya tashi sama amma ya ƙware a ninƙaya. Sai dai akwai nau'i guda da ke zaune a gaɓar tekun Afirka ta Kudu da Namibiya, inda ruwan Benguela mai sanyi ke gangarowa da ƙananan kifaye. Kukansa kamar na jaki ne. Ana ganin su a bakin tekun Boulders da ke Simon's Town, da Stony Point, da tsibiran Robben da Dassen.

Me ya sa har suke buƙatar asibiti?

Saboda suna ƙarewa. A watan Oktoban 2024 ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittun da ke cikin haɗari ta sa su a matakin da ke dab da ɓacewa daga daji, domin ma'aurata masu yin ƙwai da suka rage ba su kai 10,000 ba. A da ana ƙirga su da miliyoyi.

Ɓarnar ta daɗe. A ƙarni na 19 aka riƙa kankare kashin tsuntsaye da ya taru a tsibiran ana sayarwa a matsayin taki, alhali a cikinsa fengwin ke haƙa ramin da zai ɓoye ƙwansa daga rana da tsuntsayen teku masu cin ƙwai. Aka kuma kwashi ƙwansu don ci. Daga baya malalar mai ta shigo. Amma abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya yau shi ne yunwa: kifin sadin da ancobi da suke ci ya ragu, wani ya yi ƙaura saboda sauyin yanayin teku, jiragen kamun kifi kuma na rububin abin da ya saura.

Wace cibiya ce ke karɓar 'yan sa kai?

Wadda ta fi suna ita ce SANCCOB. Wata mata mai suna Althea Westphal ce ta kafa ta a 1968, bayan ta fara wanke tsuntsayen da mai ya ɓata a gidanta. Yanzu tana da cibiya a Table View da ke Cape Town, da wata a Gqeberha, garin da a da ake kira Port Elizabeth. Ba fengwin kaɗai take jinya ba, har da sauran tsuntsayen teku.

Ranar da aka san darajar 'yan sa kai ita ce 23 ga Yunin 2000, lokacin da jirgin ruwa MV Treasure ya nutse tsakanin Robben da Dassen. Mai ya shafi fengwin kusan 19,000. An kwashe wasu kimanin 19,500 da man bai kai gare su ba, aka kai su can gabas kusa da Port Elizabeth aka sake su, don kafin su yi ninƙaya su dawo gida an tsabtace ruwan. Dubban mutane daga ciki da wajen ƙasar suka yi ta wanki da ciyarwa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda man ya shafa sun koma teku.

To mene ne ainihin aikin da mutum zai yi?

Wanda ya je da niyyar rungumar tsuntsu ya ɗauki hoto zai sha mamaki. Yawancin yini wanki ne da goge-goge: wanke tabarmin roba da tsuntsayen ke tsayawa a kai, wanke akwatuna da tawul, sauya ruwan wanka, narkar da daskararren kifi a yanka shi. Ƙarnin kifi na bin mutum har ɗakin kwanansa. Tsabtar nan kuwa magani ce, domin ƙasa mai datti na kawo musu ciwon tafin ƙafa, gurɓatacciyar iska kuma ciwon huhu.

Sai an ga hannun mutum ya faɗa kafin a koya masa kama tsuntsu. Za ka sa rigar leda da takalmin roba da safar hannu da tabarau, ka maƙale shi tsakanin gwiwoyinka, ka buɗe bakinsa ka tura kifi ta wajen kai. Bakinsa na da kaifi da ƙugiya, kuma yana cizo ba wasa. Bai kamata a ji haushinsa ba. Tsuntsun daji ne, a idonsa kai maƙiyi ne, kuma haka ake so ya ci gaba da kallon mutum, don kada ya saba da hannu ya kasa rayuwa bayan an sake shi.

Wanda mai ya ɓata ba a wanke shi nan take. Sai an ba shi ruwa ta bututu ya farfaɗo tukuna, sannan mutum biyu su wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ɗaya na riƙe ɗaya na cuɗawa, a bi wajen kai da buroshin haƙori. Mai na lalata gashin da ke hana ruwa taɓa fatarsa, shi ya sa ba a sallamarsa sai an gwada shi a ruwa an ga gashin ciki a bushe, an auna nauyinsa, an kuma duba jininsa.

Yaushe aka fi buƙatar hannu?

Wajen ƙarshen shekara. Manyan fengwin na zubar da gashi sau ɗaya a shekara, kuma kusan mako uku ba sa shiga ruwa, don haka ba sa kamo kifi. Idan lokacin ya riske su da 'ya'ya a sheƙa, 'ya'yan yunwa za ta kashe. Masu gadin wuraren kan kwaso su a kai cibiya, a riƙa ɗura musu niƙaƙƙen kifi sau da yawa a rana har su girma.

Ana biyan kuɗi? Me mutum zai tanada?

Ba albashi. Kai ne ma za ka biya kuɗin jirgi da masauki da abinci. Ana son wanda ya kai shekara 18, mai iya tsayuwa yini guda, kuma wanda ya zo daga waje ya zauna kamar mako shida, domin makonnin farko koyo ne. Wanda zai tashi daga Najeriya sai ya nemi biza da katin rigakafin shawara. Ka rubuta wa cibiyar kai tsaye kafin ka ba wani dillali kuɗinka.

Shin wannan aikin zai ceci fengwin?

Shi kaɗai ba zai iya ba, kuma ina ganin ya dace mai niyyar tafiya ya san haka tun daga gida. Tsuntsun da aka yi wata biyu ana jinya, idan aka mayar da shi tekun da babu kifi, wahalar ba ta ƙare ba. Wannan ne ya sa SANCCOB da ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife ta Afirka ta Kudu suka kai ƙarar gwamnati, har a watan Maris na 2025 babbar kotu a Pretoria ta tabbatar da yarjejeniyar hana kamun sadin da ancobi na tsawon shekara 10 a kewayen manyan matsugunan fengwin guda 6. Kafin amfanin hakan ya bayyana, duk ɗan tsakon da aka raina a cibiya yana iya zama cikin masu yin ƙwai nan da shekara huɗu ko biyar, kuma da adadin da ya rage, babu wanda za a ce ya yi kaɗan.