Haƙƙin Magani ga Wanda Aka Yi Safararsa Domin Aikatau

Da an ambaci fataucin mutane, hankalin jama'a yakan tafi ga 'yan matan da ake kaiwa Turai karuwanci, alhali dokar hana fataucin mutane ta Najeriya ta 2015, wadda hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa, NAPTIP, ke aiwatarwa, ta haɗa har da aikin tilas. Yarinyar da dillaliya ta ɗauko daga ƙauye ta kai aikatau birni tana karɓe albashinta, da matar da aka kai ƙetare aikin gida aka ƙwace mata fasfo, duk suna iya samun kariyar wannan doka.

Sashe na 61 ya ɗora wa hukumar alhakin ganin wanda aka ceto ya samu isasshiyar kulawar lafiya a lokacin zamansa na wucin gadi, ba tare da an nuna masa bambanci saboda addini, harshe ko jinsi ba, kuma a sakaya sunansa. Wannan tanadi yana da nauyi, domin ciwon ɗan aikatau ba ya ihu. Hannu ne da ya tsage saboda wanki da ruwan bilic, ƙunar ruwan zafi da ta ruɓe don ba a kai asibiti ba, rama ta yunwa, da firgicin da ke hana barci ko bayan an kuɓuta. Sau da yawa uwar ɗaki takan sayo farasitamol a kemis ne kawai, don kada likita ya yi tambaya.

Babban abin da ke hana waɗannan bayin Allah zuwa asibiti shi ne tsoron kamu. Sashe na 62 ya amsa wannan: inda yanayi ya nuna an yi safarar mutum, ba za a tsare shi ko gurfanar da shi kan laifin da safarar ta jefa shi ciki ba, kamar rashin takardun tafiya. Haka nan dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ƙin ba da agajin gaggawa, kuma wanda ya ƙi zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba.

Inda nake ganin giɓi shi ne bayan fita daga gidan da hukumar ke ajiye waɗanda aka ceto, domin zaman can gajere ne, ciwon ƙashi da na ƙwaƙwalwa kuwa suna daɗewa. A nan ne haƙƙin neman diyya daga wanda ya yi safarar, wanda dokar ta amince da shi, zai yi amfani, in an sanar da wanda abin ya shafa tun yana hannun hukumar. Ana iya kai rahoto ta lambar waya 627 ko ofisoshin NAPTIP na Kano, Sakkwato da Maiduguri.