Yadda asibitocin Amurka ke ba ciwon hantar mai juna biyu lamba kafin inshora ta biya

A Amurka, asibiti ba ya aika wa kamfanin inshora bayanin ciwo da kalmomi. Lamba yake aikawa, daga kundin ICD-10-CM, wanda ƙasar ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba, 2015. Tushensa kundin Hukumar Lafiya ta Duniya ne, amma Amurkawa sun faɗaɗa shi, kuma dokar HIPAA ta 1996 ta wajabta wa asibitoci da kamfanonin inshora bin ƙa'idojinsa. Idan lambar ta karkace, kuɗin gwajin jini ko na kwanciya yana iya komawa kan mara lafiya. Ga mai cikin da ke fama da ciwon hanta, ƙa'idar tana da sarƙaƙiyar da ya kamata ita da mijinta su sani.

Babi na 15 na kundin, mai lambobin da ke farawa da harafin O, na ciki ne da haihuwa da jego, kuma yana gaba da kowane babi. Wato idan mai ciki ta zo da ciwon hanta, lambar O ake fara rubutawa, sannan a biyo da lambar ainihin ciwon daga wani babin. Ƙa'idar ta ɗauka cewa duk ciwon da ya samu mace tana da ciki ya shafi cikin, sai dai idan likita ya rubuta ƙarara cewa bai shafa ba. A nan ne kawai ake sa Z33.1, mai nuna cewa cikin ba shi da alaƙa da abin da ya kawo ta. Ma'aikacin da ke sa lamba ba shi da hurumin yanke wannan hukunci da kansa. A ganina wannan tsari daidai ne, domin hanta ita ke tace magani da tsabtace jini, kuma idan ta samu matsala tana iya shafar ɗan da ke ciki.

Gidan lambobin shi ne O26.6, na cututtukan hanta da hanyoyin matsarmama. Adadi na ƙarshe yana faɗin zangon cikin: O26.611 kafin mako 14, O26.612 daga mako 14 zuwa ƙasa da 28, O26.613 daga mako 28 har haihuwa. Ana ƙirgawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Akwai O26.619 na zangon da ba a fayyace ba, amma ƙa'idar ta ce kada a riƙa amfani da irinta sai in babu yadda za a yi, kuma yawan ganinta alama ce ta fayil ɗin da ba a cika shi da kyau ba. Idan matar ta haihu a wannan kwanciyar, O26.62 ake sawa. Idan kuma a jego ne, wato makonni shida bayan haihuwa, sai O26.63. Ana ƙara wata lamba daga jerin Z3A don nuna ainihin makon da cikin yake.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar O26.6 a matsayin ta kowane ciwon hanta. Ciwon hanta na ƙwayar cuta, irin su nau'in B da C, gidansa daban ne, O98.4, tare da lambar nau'in, misali B18.1 ga nau'in B da ya daɗe a jiki. Wannan ya shafi matan Afirka ta Yamma da ke zaune a can sosai, saboda nau'in B ya yawaita a yankinmu, kuma mata da dama sai a awon ciki suke sanin suna ɗauke da shi. Ciwon HELLP kuwa, wanda ke fasa ƙwayoyin jini ya tayar da sinadaran hanta, yana ƙarƙashin O14.2 tare da dangin hawan jinin masu ciki, ko da yake hanta yake taɓawa.

Sai tsayawar ruwan matsarmama a hanta, ciwon nan mai sa ƙaiƙayi a tafin hannu da tafin ƙafa, musamman da dare, ba tare da ƙuraje ba. Da can cusa shi ake yi cikin O26.61 da sauran cututtuka. Daga 1 ga Oktoba, 2023, ya samu lambobinsa na kansa, O26.641 zuwa O26.649. Gyaran yana da amfani, domin ciwon na iya jawo mutuwar ɗa a ciki, kuma yana sa a yawaita gwajin jini da duba bugun zuciyar jariri, wani lokaci ma a tayar da naƙuda kafin cikar lokaci. Lambar da ta ambaci ciwon kai tsaye ita ke nuna wa inshora dalilin duk wannan zirga-zirga.

Abin da ya sa lambar ke da muhimmanci kuwa shi ne yadda ake lissafin kuɗin haihuwa. Likitoci kan caji awo da karɓar haihuwa da duban jego a dunƙule, da lamba guda daga kundin CPT na lambobin ayyukan likita, kamar 59400 ga haihuwa ta hanyar da aka saba. Dunƙulen na ciki mai lafiya ne. Ganin likita saboda matsala irin ta hanta ana iya cajinsa daban, amma sai lambar ciwon ta nuna haka. In ba ta nuna ba, kamfanin na iya cewa an riga an biya cikin dunƙulen. Haka nan O80, ta haihuwa lami lafiya, ba ta haɗuwa da wata lambar matsala daga babin, kuma lambobin O a fayil ɗin uwa kaɗai ake sa su, ba a taɓa sa su a na jariri.

Idan takarda ta zo cewa an ƙi biya, mace tana da damar neman cikakken lissafi mai ɗauke da lambobin, ta gwada su da abin da likita ya rubuta. In kuskure ne, ofishin kuɗi na asibitin zai iya gyarawa ya sake aikawa. In kamfanin ya dage, dokar inshorar lafiya ta 2010 ta ba da kwana 180 daga samun takardar don ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, bayan nan kuma a nemi masu duba na waje. Abin da ba za a roƙi asibiti ya yi ba shi ne sauya lamba zuwa ciwon da ba ya cikin fayil don inshora ta biya, domin wannan zamba ce a dokar Amurka.