Jel ɗin Retinoyid da Kurajen Fuska: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne retinoyid, kuma me yake yi wa kuraje?

Retinoyid dangin sinadarin bitamin A ne da ake shafawa a fata. Wanda ya fara fitowa shi ne tiretinoyin, mai sunan kasuwa Retin-A, wanda aka amince da shi a Amurka a 1971. Daga baya adafalin ya zo, wanda aka fi sani da Differin, kuma a jikin kwalinsa za ka ga an rubuta adapalene. Ya fi na farkon sauƙi a kan fata, shi ya sa tun 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da mai ƙarfin 0.1% ba tare da takardar likita ba, ga wanda ya kai shekara 12.

Kurji yakan fara ne idan maiƙo da matattun ƙwayoyin fata suka toshe ƙofar gashi. Jel ɗin yana sa fata ta riƙa zubar da waɗannan ƙwayoyi kafin su taru, yana kuma rage kumburi. Aikinsa ya fi karkata ga kurajen da ba su fito ba tukuna. Saboda haka ɗiga shi a kan kurji guda da ya nuna, a kwanta ana jiran ya bace da safe, ɓata magani ne.

To yaya ake shafa shi?

Da dare, sau ɗaya. Ga wanda ke alwala sau biyar a rana, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan Isha'i, idan an gama da ruwa. A wanke fuska da sabulu mai laushi, a tsane da tawul ba tare da gurzawa ba, a jira kamar minti 20 ta bushe sarai, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi zuƙar maganin, kuma ta fi yin zafi.

Sai a matso kamar ƙwayar wake ɗaya a kan yatsa. Wannan ɗin ne na fuska gaba ɗaya. A ɗiga a goshi, kumatu biyu da haɓa, a baza har ya ɓace. A kauce wa gefen ido, leɓe da lungun hanci. Bayan haka a bi da man shafawa mara turare wanda ba ya toshe fata.

Makonni biyun farko, sau biyu ko uku a mako ya isa. Idan fata ta karɓa, a koma dare ɗaya a tsallake ɗaya, daga nan kullum. A ganina yawancin waɗanda ke cewa maganin "ya ƙona" su, a nan suka yi kuskure: sun lafta shi kamar man kitso tun daren farko, suna ganin yawansa zai gaggauta aiki.

Na fara, amma fuskata tana saɓa, kurajen ma kamar sun ƙaru. In daina?

Bushewa, ɗan zafi da saɓar fata abu ne da aka saba gani a mako biyu zuwa huɗu na farko, kuma wasu kurajen da ke ɓoye sukan fito a lokacin. Sakamako na gaske sai an kai mako 8 zuwa 12. Idan zafin ya dame ka, ka huta kwana biyu ko uku, ka ƙara man shafawa, ko ka fara shafa man kafin jel ɗin. Lokacin hunturu, da iska ke tsattsage leɓe da diddige, ya kamata a rage yawan dararen.

Amma idan fuska ta kumbura, ta yi ƙuraje masu ruwa, ko ƙaiƙayi ya hana barci, a tsaya a ga likita.

Akwai abin da ya shafe mu masu baƙar fata musamman. Duk inda fatarmu ta ji haushi, tabo baƙi take bari, wanda kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Retinoyid yana taimakawa wajen dusar da tabon kuraje, amma idan aka matsa masa har ya ƙona fuska, shi da kansa zai bar sabon tabo.

Me ba a haɗa shi da shi?

Sabulun soda, lemun tsami, gurza fuska da soso, da mayukan bilicin. Waɗannan na ƙarshe da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda shi kansa yana fito da kuraje yana kuma sirantar da fata. Amaryar da za a yi wa dilka da halawa ta dakatar da jel ɗin aƙalla mako guda kafin nan, in ba haka ba halawar na iya ɗago fata tare da gashin.

Rana fa?

Fata takan ƙara jin rana. Da safe a shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye, a sa hula ko a ja mayafi idan za a daɗe a waje.

Ina da juna biyu, zan iya amfani da shi?

A'a. Mai ciki, da wadda ke neman ɗauka, su bar duk wani retinoyid, saboda dangin bitamin A na iya yi wa halittar jariri illa. Idan kin gano kina da ciki alhali kina shafawa, ki daina a ranar, ki faɗa wa likita a wurin awo. Mai shayarwa ta tambayi likita tukuna, kuma kada ta shafa a ƙirji.

Idan kurajen sun tafi, shi ke nan?

Idan aka daina gaba ɗaya, sau da yawa sukan dawo, don haka akan ci gaba ko da sau uku a mako ne. Wanda kuma ya cika wata uku bai ga canji ba, ko kurajensa manya ne masu zurfi da ke barin rami, ya je wurin likitan fata. A wajen saye, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a kuma guji haɗe-haɗen da ake zubawa a roba mara suna.